Saukar Jirgi a Mashanyar Kifin Umm Jasim

A Zallaƙ, bakin teku a ƙasar Bahrain, akwai wani mutum ana ce masa Bu Nawwaf, wanda ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa motar tsani a filin jirgin Muharraƙ. Aikinsa ya kai tsani bakin ƙofar jirgi, mutane su hau ko su sauka, ya janye. Da ya ajiye aiki sai ya sa aka riƙa kiransa Kyaftin. Hujjarsa ita ce a duk shekarun nan babu jirgin da ya taɓa tashi sai da ya ba shi hanya. Maganar gaskiya ce, shi ya sa aka rasa ta inda za a yi masa musu.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiransa Kyaftin ba, wato Umm Jasim, matar yayansa marigayi. Tana da fili a bayan gidanta, shimfiɗaɗɗe, an daɓe shi da siminti, inda take shanya ƙananan kifi tun mijinta yana raye. Da wannan fili take ci take sha. Shi kuwa Bu Nawwaf shekara shida ke nan yana cewa filin na ubansu ne, Nahuda Yaƙub mai jirgin ruwa, rabi nasa ne, kuma ga masu gina otal suna jira. Sau uku yana kawo mata takarda ta dangwala yatsa. Ta farko ta ƙunshe kifi da ita. Ta biyu ta hura wuta. Ta uku ta ce ya riƙe ta tukuna, ba ta rasa abin hura wuta a ranar ba. Amma a ranta ta san marigayi da baki ya ba ta filin, shaidun biyu sun bi shi lahira, ƙanin kuma ya fara ambaton kotu.

Ana saura kwana tara tseren motoci na Sakhir, ya shigo yana ƙamshin turare, tana zaune tana juya kifi.

"Matar yaya, arziki ya sauko miki daga sama."

"In ta bakinka ya biyo, ya koma."

"Ki saurara. Jiragen attajirai bana sun fi wurin ajiye su yawa. Jirgi ya sauke mai shi a Muharraƙ, ya wuce Dammam ya kwana. Daga Muharraƙ zuwa Sakhir kuma ranar tsere mota sai ta yi awa uku a hanya, shi ya sa ake ɗauko su a jirgi mai saukar ungulu. To wuraren sauka na kusa da filin tsere an kame su tun watanni. Wani kamfani ya rasa inda zai sauke baƙonsa. Na ce musu su kwantar da hankalinsu, ina da filin sauka nawa na kaina, minti goma daga ƙofar filin tseren."

"Naka."

"Namu."

"Nawa."

"Yini ɗaya tak nake nema."

Ta juya kifi biyu kafin ta amsa. Shekara talatin da biyar ta san Bu Nawwaf. Ta ga ranar da ya gyara famfon masallaci, unguwa ta kwana uku babu ruwa.

"Ka kira Hajji Salman," in ji ta.

Hajji Salman dattijon unguwa ne, shi ake sawa shaida a komai. A gabansa ta faɗi sharaɗinta. In baƙon ya shiga ƙofar filin tsere kafin motoci su tashi, waɗanda ƙararsu har cikin ɗaki ake ji, za ta dangwala yatsa, rabin fili ya tafi. In kuwa motoci suka tashi baƙo yana waje, Bu Nawwaf zai tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa da bakinsa cewa ko taki ɗaya ba shi da shi.

"Wannan ai kyauta kika yi mini," in ji shi.

"Ban gama ba. Kifina a rufin gidanka za a shanya."

"Rabin rufin."

"Duka. Kuma kai za ka hau da su."

"A kan kwando nawa muke magana?"

"In ka fara hawa za ka sani."

Aka yi fatiha. Bayan sun fita ta daɗe tana duban babban yatsanta. Ta san Bu Nawwaf, amma ba ta san jirgi ba.

Mai shirya tafiyar a kamfanin wata yarinya ce, Dalal. Washegari ta kira, shi kuwa ya buɗe muryar wayar a tsakiyar fili don maƙwabta su ji yadda ake aikin sama.

"Baffa, ƙarfe nawa zan rubuta musu?"

"Bayan la'asar."

"Ba su da gurbin da ake kira bayan la'asar. Minti suke so."

"To ki rubuta bayan la'asar da kaɗan."

Aka ji ta ja numfashi. "Na sa huɗu da minti ashirin da biyu. Minti huɗu zai yi a ƙasa, ya tashi, akwai wasu a bayansa. Baffa, ka rubuta. A share filin, kada a bar ko tsinke. A ɗaura buhun iska a sanda, matuƙi ya ga inda take kaɗawa. Kada a bar tsuntsaye. Mota ta tsaya a kunne, don biyar da rabi 'yan sanda za su rufe hanyar ƙofa."

"'Yata, ina ba jirage hanya ba a haife ki ba."

"Sai na ƙarshe. Kujera ɗaya ta rage, ko tafinta ko akwatunan baƙon."

"Sa akwatuna. Ina jin harshe shida."

Umm Jasim ta san Turancinsa. Kalmomi bakwai ne, duk a kan tsani.

Kwana biyu yana hawa rufin gidansa da kwandunan kifi. A rana ta uku kuliyoyin Zallaƙ suka tare a can, a ta huɗu matarsa ta tafi gaida 'yar'uwarta a Riffa ba ta faɗi ranar dawowa ba. Ya zana wata ƙatuwar da'ira da farin fenti a tsakiyar siminti, ya tsaya a ciki yana fentin har ya kewaye kansa, ya jira a tsaye har azahar kafin ya bushe. Buhun iska kuwa da ya ji kuɗinsa sai ya ce ba sai an saya ba. Ya yanke ƙafa ɗaya ta tsohon wandonsa ya ɗaura a gora.

Hajji Salman ya tsaya ya duba. "Kyaftin, ɗaya ƙafar fa?"

"Ta ajiya ce. A aikin sama komai biyu ake tanada."

Ya kuma sa kafinta ya ƙera masa tsani mai hawa uku da tayoyi, ya ce jirgin da ba a kai masa tsani ba bai sauka ba tukuna.

Ranar tsere tun hantsi sama ta cika da rugugin masu saukar ungulu, suna bin juna kamar an jera su a zare. Maƙwabta suka hau katanga, mata suka leƙo ta rufin gidaje. Fili ya sharu fes. Bu Nawwaf ya fito da alkyabba mai zaren zinariya, ya tsaya ya dubi simintin, fuskarsa ta canza.

"Baƙo zai sauko daga sama ya taka siminti tsirara? A filin Nahuda Yaƙub?"

Kafin la'asar ya kwashe dardumai goma sha ɗaya daga zauren Hajji Salman, har da babbar ta Isfahan wadda ba a shimfiɗa ta sai da salla. Ya jera matasai, ya kafa rumfa, ya sa aka kawo faranti uku na shinkafa da rago a kai, ga kaskon turaren wuta.

"Yarinyar ta ce ko tsinke," in ji Umm Jasim daga bakin ƙofarta.

"Yarinyar ta san takarda. Ni na san jirgi."

"Hajji, ka ji na faɗa."

"Na ji," in ji Hajji Salman, idonsa a kan ta Isfahan.

Huɗu da ashirin da biyu daidai jirgin ya ɓullo ta kan teku. Ƙafar wando ta miƙe. Bu Nawwaf ya shiga tsakiyar da'ira ya ɗaga hannu biyu. Ƙananan dardumai ne suka fara tashi, ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa. Matasai suka bi. Rumfa ta tuge ta haura katanga da turakunta. Ta Isfahan ta ɗan yi gardama, sannan ta ɗaga, ta juya sau ɗaya a sama, ta je ta yafa wa bishiyar dabinon gidan liman. Shinkafa ta sauka a kan mutanen katanga, rago ya gangara shi kaɗai har bakin hanya. Alkyabba ta rufe kan Kyaftin, ya ci gaba da ba jirgi hanya daga ciki, yana fuskantar bango. Iska ta gama zare ta, ta tafi da ita teku, da wayarsa a aljihu.

Matuƙin ya ga abin da ya gani, ya ɗaga ya koma kan ruwa yana shawagi.

"Da ma haka ake yi," in ji Bu Nawwaf, yana neman hiraminsa. "Zuwan farko na gwaji ne."

Wata tsohuwa daga kan rufi ta ce, "A sake gwadawa, ban samu nama ba."

Umm Jasim ta fara murmushi, sai ta dubi filin, murmushin ya tsaya. Iskar jirgin ta share shi yadda tsintsiya ba ta taɓa yi ba. Ko tsinke babu. Tsuntsayen teku da suka saba zuwa neman kifi a wannan lokaci duk sun bi shinkafa tsakar gidan liman. Matuƙin ya dawo, ya duba, ya sauka a tsakiyar da'ira lafiya lau, biyar saura minti ashirin.

Bu Nawwaf ya turo tsani da gudu. Baƙon ya buɗe ƙofa ya sauko ta gefen tsanin, don tsakaninsa da ƙasa bai kai taki biyu ba. Aka jefo akwatuna, jirgi ya tashi, ya tafi da ƙafar wando.

Baƙon dogo ne, fari sol, da jar hula mai lambar motar da yake so. Sunansa Mista Rantala, mai kamfanin katako daga ƙasar Finland. Mota tana bakin fili a kunne. Minti hamsin ga tafiyar minti goma. Umm Jasim ta ji babban yatsanta ya yi sanyi.

Bu Nawwaf ya buɗe wa baƙo ƙofar mota, ya juyo ya dubi Umm Jasim, ya shafa gemu.

Ta shiga gida ta ɗauko makulli, ta buɗe zauren marigayi, wanda ba a zauna a cikinsa ba tun ranar da aka tashi daga zaman makoki. Ta dawo bakin ƙofa ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba, amma katanga ta ji.

"Gahawa tana kan wuta. In sauri kuke ku wuce. Zan ce wa mutane baƙo ya sauka a gidan Nahuda Yaƙub, ɗansa yana tsaye, ya tafi bai jiƙa maƙoshi ba."

Bu Nawwaf ya dubi katanga. Mutum arba'in, da shinkafa a gashin girarsu, suna dubansa.

"Finjali ɗaya," in ji shi. "Akwai lokaci har da na sayarwa."

Aka zaunar da baƙo a saman zaure, Hajji Salman a damansa. Mai zuba gahawa shi ne tsoho Marzuƙ, wanda ya shekara arba'in yana zubawa a bukukuwan Zallaƙ, buta a hagu, finjalai a dama. Ya ɗiga wa baƙo abin da ya rufe gindin finjali, kamar yadda ake yi. Baƙo ya leƙa ciki, ya shanye a kurɓi ɗaya, ya miƙa. Marzuƙ ya zuba. Ya shanye, ya miƙa. Marzuƙ ya zuba.

Ko yaron goye a Zallaƙ ya san in ka sha uku sai ka girgiza finjalin tsakanin yatsunka, mai zubawa ya karɓe, a kawo turaren wuta, baƙo ya tashi. In ba ka girgiza ba, ba ka ƙoshi ba. Mista Rantala bai sani ba. Abin da ya sani, kamar yadda Dalal ta gaya musu daga baya, shi ne wani abokinsa ya ja masa kunne cewa a wurin Larabawa kada ya kuskura ya ƙi abin da aka miƙo masa, kuma kada ya tashi kafin mai gida.

A finjali na bakwai Bu Nawwaf ya kai nasa daidai hancin baƙo ya girgiza. Baƙo ya yi murmushi, ya gwara nasa da na Bu Nawwaf, ya shanye, ya miƙa wa Marzuƙ. A na goma sha biyu ya sake girgizawa da ƙarfi. Baƙo ya dubi hannun da tausayi, ya kama wuyan hannun ya riƙe masa har ya daina rawa.

"Yi masa da harshensu mana, Kyaftin," in ji Hajji Salman. "Ko ɗaya daga cikin shidan."

Bu Nawwaf ya gyara murya ya zube kalmominsa bakwai. Baƙo ya dubi ƙafafunsa, ya waiga yana neman tsani, bai gani ba, ya miƙa finjali.

"Marzuƙ, karɓe abin nan," in ji Bu Nawwaf.

"Bai girgiza ba."

"Na girgiza masa."

"Naka ka girgiza. Na karɓa."

"Ka yi kamar ya girgiza."

"Shekara arba'in ban ƙwace finjali a hannun baƙo ba. Ba a kanka zan fara ba, ɗan Nahuda."

"Hajji, ara mini wayarka in kira yarinyar."

"Ga ta. Faɗi lambar."

Lambar tana teku.

Biyar da minti goma Bu Nawwaf ya nuna wa baƙo agogonsa. Baƙo ya yi farin ciki, ya nuna nasa, ya buga shi da yatsa. Suka gyaɗa wa juna kai da ƙarfi. Kowa ya jira ɗaya ya tashi. Marzuƙ ya zuba.

Umm Jasim tana bayan ƙofar ciki, tana kallo ta tsagar labule, buta ta uku tana tafasa. Ba ta rage kayan ƙamshin gahawa ba, ko hel ko za'afaran. Bu Nawwaf ya rarrafo bakin labulen.

"Matar yaya."

"Na'am."

"Ki ce gahawa ta ƙare."

"A gidan yayanka? Ɗaga murya Hajji ya ji."

"Ki rufa mini asiri."

"Asirin gidanku nake rufawa tun ɗazu. Matsa, butar da zafi."

Biyar da ashirin ya yanke shawara. Ya dafa gwiwa, ya ɗaga rabin jikinsa, zai kama hannun baƙo ya ja shi mota. Baƙo ma ya fara tattara ƙafafunsa. Sai Hajji Salman ya yi gyaran murya, yana duban rufin zaure.

"Allah ya jiƙan Nahuda Yaƙub. A zauren nan na ga jirgin ruwansa ya rasa iskar tafiya Basra, ya yi asarar mako guda, don wani baƙo daga Najdu bai girgiza finjali ba. Nahuda bai ko motsa ba. Irinsu sun ƙare."

Ta taga kawunan maƙwabta suka gyaɗa. Bu Nawwaf ya tsaya a haka, ba a zaune ba, ba a tsaye ba. Sannan ya gyara matashin da ke bayansa, kamar abin da ya tashi yi ke nan, ya koma ya zauna. Baƙo ya mayar da ƙafafunsa, ya miƙa finjali.

Biyar da rabi ta wuce. Motar da ke waje ta shanye manta ta mutu. Fuskar baƙo ta zama kalar hularsa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana sha yana duban ƙofa. Marzuƙ ya canza ƙafar da yake tsaye a kai.

Ladan ya fara kiran magariba. Bai kai ƙarshe ba aka ji ta daga gabas, ƙarar motoci ashirin sun tashi lokaci ɗaya, har gilashin taga yana kaɗawa. Mista Rantala ya rufe ido. Finjali na arba'in da ɗaya yana hannunsa, gahawar da ke cikinsa kuma ta gama aikinta. Hannun ya kama rawa shi kaɗai, finjali yana kaɗawa tsakanin yatsu.

Marzuƙ ya sunkuya ya karɓe.

"Ya ƙoshi," in ji shi. "A kawo turare."

Umm Jasim ta miƙo kasko ta ƙarƙashin labule.

Bayan an sallame sallar magariba Hajji Salman ya ce kowa ya dakata. Bu Nawwaf ya tsaya a ƙofar masallaci, ba alkyabba, ba hirami, ya ce filin da ke bayan gidan yayansa ba shi da ko taki ɗaya a cikinsa.

"Ba a ji a baya ba," in ji wata murya daga ɓangaren mata.

Ya maimaita.

Baƙon ya kalli sauran tseren a talabijin ɗin zauren marigayi, a tsaye, don ya kasa zama. Da Dalal ta iso, ta zagayo ta hanyar teku, tambayar farko da ya sa ta yi ita ce ina makewayi, ta biyu kuma me ya sa mai gidan bai taɓa tashi ba. Dalal ta fassara. Marzuƙ ya ce a gaya masa shi dai bai taɓa ganin baƙo mai ladabi irinsa ba.

Kafin mako ya zagayo Bu Nawwaf yana kasuwar kifi yana ba da labarin cewa a duk Bahrain shi kaɗai ne ya sauke jirgi sau biyu a gurbi ɗaya, kuma attajirin Turai ya bar tsere don ya zauna da shi. Ya ce baɗi baƙi uku zai karɓa. Aka tambaye shi a wane fili, ya ce ana tattaunawa.

Shi ya sauko da kwandunan daga rufinsa, kamar yadda ya hau da su. Umm Jasim tana tsaye tana nuna masa inda zai zube, cikin farar da'irar, don ta lura kifi ya fi saurin bushewa a gefen fentin. Tsanin mai tayoyi ta riƙe shi, tana hawa ta kai saman katanga ta kori kuliyoyi.

Da ya ajiye kwando na ƙarshe ya tsaya yana haki. Ta miƙo masa gahawa da kanta. Ya sha ɗaya, ya girgiza finjalin da sauri.

"Tun yanzu?" in ji ta. "Zauna. Akwai lokaci har da na sayarwa."